Inna Ta Zo Illela: Tarihin Zagayawa da Baƙo a Bakin Iyaka

Ranar wata Asabar cikin hunturun 2024 na tsaya a bakin shingen Illela tun da hantsi ina jiran Inna. Da asuba suka taso daga Madawa, ita da ƙanenta Kawu, da ƙanwata da ɗanta mai shekara goma sha ɗaya. Motar haya ta bi da su ta Galmi da Malbaza da Tsarnawa ta sauke su a Ƙonni, daga can 'yan kabu-kabu suka ƙaraso da su. Shekarata goma sha takwas a Illela ina riƙe wa wani dillalin hatsi da albasa littafin lissafi, kuma a takarda ni baƙo ne, ɗan Nijar mai aiki a ƙasar waje. Ni ke zuwa gida kowace Sallah, Inna kuwa wannan ne zuwanta na farko. Da ta sauka ta gyara lulluɓinta, ta dubi rumfunan masu shayi da tulin buhunan albasa da jakuna masu jan amalanke, sai ta juya wajen Kawu, domin ni ɗan fari ne ba ta kama sunana, ta ce: "Wagga ita ce ƙasar wajen da yaron ga ya taho? Ai ko Madawa ce anka ƙara ma motoci."

Maganar nan ta zauna mini a rai har suka koma. A al'adarmu, wanda neman abinci ya zaunar da shi a wani gari, idan danginsa suka zo masa, hakki uku ne a kansa: ya sauke su, ya zagaya da su, ya raka su. Sauka da rakiya kowa ya san nauyinsu. Zagayawar ce ake ɗauka kamar ƙari, abin da 'yan boko ke kira yawon buɗe ido, a hau mota a ɗauki hoto da waya a dawo. Kwana biyar ɗin da na yi ina bin Inna tsakanin Illela da Kalmalo da Sakkwato da Ƙonni sun nuna mini cewa al'adar ta girmi motar, ta girmi shingen da na tsaya a bakinsa, kuma da ita mutanen wannan yanki suka riƙe ƙasarsu a dunƙule bayan an raba ta a takarda. Tarihinta nake so in bi, ta hanyar da muka taka da ƙafarmu.

Lahadi: kasuwa da mai masauki

Lahadi Illela ke cin kasuwa, don haka da ita muka fara. Tun daren Asabar kukan shanu da rurin manyan motoci ke hana unguwarmu barci. Kawu makiyayi ne kafin ya zama manomi, saboda haka kara muka nufa kai tsaye. Ga shanun Azawak, ga jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho, ga gudali, ga raƙuma a durƙushe, ga tumaki balami da uda, mafi yawansu daga Adar da Azawak aka koro su, kafin dare kuma za a loda su zuwa Legas da Ibadan da Fatakwal. Kawu ya dafa wata jar akuya ya ce, "Akuyar Maraɗi." Dillalin da ke riƙe da igiyarta ya ce, "Akuyar Sakkwato dai, Baba." Duka biyun gaskiya suka faɗa. Iri ɗaya ce, likitocin dabbobi na Faransa suka rubuta ta da sunan Maraɗi, na Ingila suka rubuta ta da sunan Sakkwato. Fatarta ce majema ke jemewa a rina, ayari ya ƙetara Sahara da ita, a Turai kuma aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka take isa gare su.

A wannan kasuwa na ga tushen al'adar na farko. Kafin zuwan mota, fatake cikin ayari suke tafe. Buzaye na saukowa daga Azbin da Adar da gishiri da dabino da dabbobi, su koma da gero da tufafi, fataken goro kuma su nausa Gwanja. Falke ba ya shiga baƙon gari ya kasa kayansa da kansa. Wajen mai masauki yake sauka, wanda zai ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an yi bashi, ya karɓi la'adarsa. Kafin ciniki kuwa sai ya zagaya da shi: ya kai shi gaisuwa fada, ya haɗa shi da sarkin kasuwa, ya nuna masa masallaci da rijiya da gidan malami. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, mai masauki shi ne ɗan jagora. Ko Bature ya samu wannan karamci. Da Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya danƙa shi a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya sauke shi ya kula da shi, abin da ya gani na kasuwa da masallaci da ganuwa kuma ya rubuta shi. Ya sake dawowa, a Sakkwato ya rasu a watan Afrilu na 1827. Har yau zauren maigidana cike yake kowace Asabar da mutanen Tawa da Abalak, kuma sabon zuwa ba ya shiga kasuwa sai an haɗa shi da yaron gida.

Da muka zo layin 'yan canji, Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da sefa. Da dala take ƙirga, yadda ake yi a gida, inda dala ashirin ke nufin sefa ɗari, jika kuma sefa dubu. Ɗan canjin bai nemi a fassara masa ba, ya ƙirga mata abin da ya haura naira dubu biyu a kan kowace jika. Ta riƙe takardun tana juya su, ta tuna lokacin da Baba ke dawowa daga cin rani da naira kaɗan a aljihu a yi hidimar gida har damina. A 1973 naira ta maye gurbin fam, kuma shekarun farko nata na ƙarfi ne. A watan Janairun 1994 aka zabge rabin darajar sefa. Yanzu nairar ce ta yi rauni. Duk lokacin da kuɗin ɗaya ya danne na ɗaya, kaya kan sauya alkibla, mai saye ya koma mai sayarwa, amma kasuwar ba ta taɓa daina cika ba.

Litinin: ruwan gida a tafkin Kalmalo

Washegari muka tafi Kalmalo, tafiya kaɗan daga Illela. Fadamar ta yi kore da albasa da tattasai da tumatir, injinan ban ruwa na ta kuka. Na faɗa wa Inna cewa ruwan da ke cika wannan tafki daga kwarin Majiya yake gangarowa, daga cikin Nijar, ya ratsa ƙasar Ƙonni ya ƙare a nan. A wani ƙauye na kwarin Majiya aka haife ta kafin aure ya kai ta Madawa. Ta tsuguna ta ɗebi ruwan a tafin hannu ta shafa a fuska, ta ce, "Ashe nan ruwanmu ka kwana." Dattawan Kalmalo sun shaida mana tafkin ya fi haka girma a ƙuruciyarsu. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya taɓa shi, sannan madatsun Mozage da Zango da aka gina a kan Majiya don shayar da gonakin Ƙonni sun rage abin da ke isowa. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971 mai mazauni a Yamai, a 1990 kuma suka rattaba hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suke tarayya a kai, Majiya na cikin kwaruruka huɗu da aka ambata.

Muna tsaye wata dattijuwa mai tsinkar tattasai ta ji harshen Inna, ta ɗago ta tambaye ta ƙasarsu. Tambayar asali ita ce rabin zagayawa da baƙo. Inna ta faɗi ƙauyensu, matar ta ajiye kwaryarta, domin kakarta daga kwarin nan ta fito, a goye aka ƙetaro da ita da dare a zamanin aikin dole. Suka zauna ƙarƙashin wata bishiyar gawo suna lissafa gidaje da zuri'a har azahar. Labarin matar labarin dubban gidaje ne a wannan gefe. A mulkin Faransa akwai haraji mai nauyi, da kamun soja, da aikin dole na gina hanyoyi da bariki, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Idan abin ya tsananta, gida guda, wani lokaci ƙauye guda, kan tashi ya koma abin da suke kira ƙasar Ingilishi. Tafiyar yini ɗaya ce ko biyu, kuma wajen dangi za a sauka.

Bayan masu gudu sai 'yan cin rani. Da an gama kaka an cika rumbu, maza kan fita don a rage wa rumbun baki, su nufi Sakkwato da Gusau da Kano, da ma'adinan kuza na Jos, wasu har Kumasi da Ankara ta Gwalkwas. Kakana na wajen uba da ƙafa ya je Kumasi. Yawanci sukan dawo da faɗuwar ruwan farko, wasu kuwa sai su sami sana'a su yi aure su zauna. Wanda ya zauna, sai gida a tashi wani a ce ya je ya gano shi. Wannan ne tushe na biyu. Mai zuwa ganowa yana da aiki a gabansa: ya ga inda ɗan'uwansa ke kwana, da abin da yake ci, da mutanen da yake hulɗa da su, da masallacin da yake sallah. Shi kuma mai gida ya zagaya da shi gidan maigidansa da na maƙwabta, ya kai shi kasuwa da duk wani abin kallo na garin, domin idan ya koma tsaraba biyu ake jira a hannunsa, ta kaya da ta labari. Haka Inna ta yi a gidana. Ta leƙa ɗakin da muke ajiye hatsi, ta bi maƙwabta gida gida ita da matata tana yi musu godiyar zama da mu, ta sa na kai ta wajen maigidana ta ce masa, "Alhaji, amana ce na baro maka, na kuwa ishe ta lafiya."

Talata: hanyar Hubbare

Ranar Talata muka ɗauki shatar mota zuwa Sakkwato. Ita ce tafiyar da Inna ta fi ƙagara da ita, tun daren Litinin ta ware farin mayafi da 'yan kuɗin sadaka. A Gwadabawa na sa direba ya rage gudu, na nuna wa ɗan ƙanwata garin da Muhammadu Maiturare ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19 yana Marafa, don tsare arewacin Sakkwato, kafin ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924. A cikin wannan ƙasa Degel take. Yaron a lakwal yake karatu da Faransanci, ya san sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo amma yana ɗaukarsa mutumin Najeriya. Na ce masa a Maratta aka haifi Shehu a 1754, kusa da Galmi da suka wuce ranar Asabar. Babban malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a ƙasarmu ta Madawa kabarinsa yake. A Degel Shehu ya tashi ya tara jama'a, daga nan ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Matankari da Ƙonni na cikin garuruwan farko da jama'arsa suka ci, kafin yaƙin Tafkin Kwatto a watan Yunin shekarar. Alƙalawa, birnin Gobirawa, ta faɗi a 1808, Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, Shehu ya rasu a cikinta a 1817. Na ce masa ya lura: mahaifar Shehu tana Nijar, makwancinsa yana Najeriya, duk mai son bin sawunsa daga farko zuwa ƙarshe sai ya ƙetare shingen Illela.

Kawu, wanda tsagen Gobirawa ke kumatunsa, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ka gaya mai kakanninmu na anka yaƙa." Na gaya masa. Bayan Alƙalawa Gobirawa ba su miƙa wuya ba. An sake gwabzawa a Gawakuke a 1836, aka kashe Sarkin Gobir Ali, waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, inda sarautar Gobir take har yau. Kusan ƙarni guda wannan yanki bakin daga ne, garuruwan ribaɗi a kudu, Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a arewa, ana kai wa juna hari da rani. Duk da haka malamai da almajirai da fatake ba su daina ratsawa ba, aure kuma bai daina haɗa gidajen ba. Yaron ya kamata ya ji ɓangarorin biyu, kuma a bakin kawun uwarsa da nawa ya ji su, cikin mota ɗaya. Muka wuce Kware, muka haye gulbin Rima, muka shiga birni.

A ƙofar Hubbare muka tuɓe takalma. Nan ne gidan da Shehu ya zauna, nan aka binne shi, 'yarsa Nana Asma'u ma a nan take kwance. Mata sun fi maza yawa a farfajiyar, tsofaffi mafi yawansu, kuma daga harshensu kana jin na Tawa da na Dogon Dutsi da na Zamfara da na Kabi. Wannan ne tushe na uku, ziyara. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, mutumin nan da ya sauke Clapperton. Ita ta tsara tafiyar matan karkara da ake kira 'yan taru. Kowane ayari na da jagora da ake kira jaji, wadda ake naɗawa da malfa. Tsofaffi da 'yan mata ƙanana ke tafiyar, su zo da ƙafa ɗauke da hatsi da zuma da man shanu, su koyi tsarki da sallah da zaman aure, su koma su koyar da matan da hidimar gida ta hana fita. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓarsu. Inna ta ce kakarta ta taɓa zuwa Hubbare da ƙafa cikin ayarin mata, ta dawo ana zuwa yi mata barka kamar wadda ta sauka daga Makka, kuma har ta rasu tana ba su labarin.

Inna ta daɗe tana addu'a, hawaye na bin fuskarta. Ta yi wa Baba addu'a, ta yi wa kakarta, ta raba sadakarta ga tsofaffin da ke zaune a bakin zaure. Kawu ma ya ɗaga hannu ya yi tasa. Daga nan muka yi azahar a Masallacin Shehu, muka tsaya a ƙofar fadar Sarkin Musulmi yaron ya kalli dogarai, muka ƙarasa gidan tarihi na Waziri Junaidu, inda ake ajiye tsofaffin takardu da kayan yaƙi. Ya tsaya gaban wata wasiƙa da rubutu irin na allonsa, yana haɗa baƙaƙen da yatsa. Wuraren da na so kai su ban iya ba su ne Gudu da Tafkin Kwatto da kufan Alƙalawa a ƙasar Sabon Birni, saboda 'yan bindiga sun addabi hanyoyin. Direba ma ya matsa mu kama hanya kafin la'asar ta yi sanyi. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin wuri idan aka daina kai yara, a hankali sunansa ke fita daga bakin mutane.

Laraba: rakiya zuwa Ƙonni

Laraba ranar kasuwar Ƙonni ce, ita ce kuma ranar komawarsu. Rakiya a wajenmu ba ta tsayawa a ƙofar gida, don haka na ƙetara tare da su. A tsakanin shingen kwastan na wannan gefe da na duwan na wancan gefe yaron ya tambaye ni wa ya ja layin. Na ba shi amsa gwargwadon abin da zai ɗauka, ga kuma cikonta. A 1890 Ingila da Faransa suka fara raba ƙasar da layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, ba tare da sun taka mafi yawanta ba. A watan Yunin 1898 suka sake zama a Paris, suka kafa tsinke a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, abin da ke ciki na Ingila, na waje na Faransa. Da wannan lissafi Ƙonni ta Ingila ce. Hakan bai tsare ta ba. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta taso daga yamma tana ƙone garuruwa, ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, a watan Mayu ta faɗa wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau ake lissafa shi cikin mafi muni a tarihin mamayar Faransa. A watan Yuli sojojinsu suka kashe su biyun, kaburburansu na Maijirgi a ƙasar Tasawa.

Ingilishi suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Faransawa kuwa suka yi ta kukan cewa bakan nan ya tura hanyarsu ta zuwa Damagaram cikin jeji marar rijiya. A yarjejeniyar 1904 Faransa ta saki haƙƙin musamman da take da shi na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can gabashin Kanada, aka biya ta da ƙasa a Afirka, ciki har da sassauta wannan layi. A 1906 aka ƙara gyara shi, ya sauko kudu, Ƙonni da Maraɗi suka tabbata a ɓangaren Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ƙasar suna kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Cadi. Cinikin kifin wani teku da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba yana cikin abin da ya sa ni da Inna muke riƙe da katin wata ƙasa, maƙwabtana na Illela na riƙe da na wata. Layin nan kuma shi ya raya Illela. Gari na ƙarshe kafin shinge dole a sauke kaya a cikinsa, a yi canji, a kwana, don haka kasuwa da dillalai da masu masauki suka taru a nan.

Tun daga lokacin an sha rufe hanyar. An tsaurara ta daga 1940 zuwa 1942, lokacin da Nijar ke hannun gwamnatin Vichy, Najeriya kuma na hannun Ingila. Bayan ƙasashen biyu sun sami 'yanci a 1960, ƙungiyar da muke kira Sedeyawo a gida, a nan kuma Ekowas, ta amince a 1979 cewa ɗan yankin na iya shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza. Duk da haka Najeriya ta rufe iyakokinta daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986, abin ya haɗu da fari, har mutanenmu suka sa wa yunwar shekarar suna El Buhari. An sake rufewa a watan Agustan 2019, Illela na cikin mashigai huɗu da aka fara buɗewa a Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka kuma rufewa har zuwa Maris 2024. A cikin wannan rufewa ta ƙarshe Allah ya yi wa Baba rasuwa. Ta hanyar gonaki na bi a kan babur, na isa Madawa an riga an kai shi. A hanyar na haɗu da mata masu zuwa suna, da masu kai marar lafiya asibitin Galmi, da wani tsoho mai zuwa ɗaurin auren jikarsa. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafa ba ta rasa hanya. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar, mu mazauna bakin iyaka muna zuba ido muna roƙon Allah kada abin ya taɓa zirga-zirgar talaka.

A tashar Ƙonni na ɗora musu tsaraba: turmin atamfa biyu, da sabulu, da goro, da takalmin makaranta na yaron. Tabarmin kaba na Madawa da tukuɗin da suka kawo mana suna gida. Ƙanwata ta tura wa mijinta hotunan da ta ɗauka, yaron kuwa yana ta maimaita wa kansa Maratta, Degel, Gudu, Sakkwato, don kada ya manta kafin su isa. Da mota ta cika, Inna ta leƙo ta taga, wannan karon ni ta duba. Ta ce, "Na ga wurin zamanka, na ga mutanenka, na kai gaisuwa Hubbare. Hankalina ya kwanta. Allah shi yi maka albarka." Na tsaya har ƙurar motar ta ɓace a hanyar Tsarnawa.

Kirana ga duk ɗan'uwa da neman halali ya zaunar da shi nesa da gida, a Illela ne ko Legas ko Kumasi ko Jidda ko Faransa: idan naka suka zo, kada ka bar su a ɗaki gaban talabijin kana wajen aiki har ranar komawa. Nemi hutun kwana biyu. Kai su kasuwa, kai su gidan maƙwabta, kai su inda tarihin garin yake, ka kuma tambayi dattawan wurin tun kafin baƙin su iso don ka sami abin faɗa. Ka sa yaro a cikin tafiyar, domin shi zai riƙe sunayen. Hukumomin ƙasashen biyu kuma ina roƙonsu su bar hanyar Illela da Ƙonni a buɗe ga mai zuwa gaida uwa da mai zuwa ziyara, su tsare hanyoyin Gudu da Alƙalawa har mu iya kai 'ya'yanmu. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya bar zumunci.